Yunit 24 a Zangon Farko: Kayan da Muke Labta wa Sabon Ɗalibi

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Duk wanda ke zauren nan ya san ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC: ɗalibi ba ya rajistar ƙasa da yunit 15 a zango, ba ya kuma haura 24. Rigimar da na daɗe ina yi da abokan aikina ita ce sun mayar da 24 ɗin nan kamar farilla. Iyaka aka gindaya, amma sai mu kai yaro bakinta tun makon da ya shigo, ko hanyar laburare bai gane ba.

Ku biyo ni mu yi lissafi. Yunit ɗaya awa ɗaya ce ta lacca a mako, in kuwa na ɗakin gwaje-gwaje ne, awa uku. Mu malamai kuma da bakinmu muke ce wa ɗalibai kowace awa ta aji tana son awa biyu ta bita. To, yunit 24 ya zama awa 72 ke nan a mako, wato awa 12 kullum har kwana shida. Ban sa layin ruwa a hostel ba, ban sa sammakon kama kujera a babban zaure ba, balle daren da aka ɗauke wuta. Da yunit 18 ɗalibi ya ɗauka, da awa 9 ce kullum, abin da ɗan Adam zai iya.

Sai maki, wanda shi ne ya fi ci mini rai. A ma'auninmu A maki 5 ne, D kuma 2. A ce yaro ya ɗauki yunit 24, kaya suka yi masa yawa, ya tashi da D a kowane kwas. Makinsa 48, GPA 2.00. In yana son ya gama shekarar da 3.50, wadda ita ce ƙofar digiri mai daraja ta biyu babba, dole ya tara maki 168 a yunit 48. An cire 48, saura 120. Ma'ana, a zango na biyu ya sake ɗaukar 24 ya cinye A a dukansu, ba kuskure ko ɗaya. Wa ya yi haka a cikinmu? Wannan fa ban sa masa kari-oba ko ɗaya ba. In ya faɗi kwas biyu, badi su ne za su fara cin gurbi a fom ɗinsa, su ture wasu gaba, haka zai yi ta jan jela har aji huɗu.

Lokacin da nake kodinetan aji ɗaya, wata yarinya ta kawo mini fom cike taf, har da kwas biyu na zaɓi daga wata tsangaya. Na ce, “'Yata, wa ya ba ki wannan shawara?” Ta ce yayyenta na aji uku ne suka ce gara ta rage aiki tun da wuri. Na sa biro na soke biyun, ta fita tana hawaye, gani take na tauye ta.

Za a ce manhaja ce ta ɗaure mana hannu. Ban yarda ba. Sabuwar manhajar CCMAS da aka ƙaddamar a 2022 ta bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100, kuma mafi ƙarancin abin da ake nema a digiri na shekara huɗu yunit 120 ne. Raba shi gida takwas, 15 ne. Ragowar mu muka cusa, don kowane malami yana son a ce kwas ɗinsa dole ne.

Abin da nake nema a gaban majalisar jami'a bai sauya ba: a tsayar da zangon farko a yunit 18, kwasa-kwasan zaɓi su jira zango na biyu. Kodineta kuma ya daina sa hannu a fom ɗin da wakilin aji ya kwaso masa a jibge. Ya zaunar da ɗalibi ko na minti biyar ne, su buɗe jadawalin lacca tare, su ƙirga awoyin.