Yadda Jamus Ta Juya Wa Kwal Da Nukiliya Baya

Batun yau na ƙasar Jamus ne, wadda ta fi kowace ƙasa ƙarfin masana'antu a Turai, amma ta ɗaura niyyar daina samun wutar lantarki daga kwal da nukiliya, ta koma ga iska da hasken rana. Ya kamata a san yadda ta yi, da kuma wanda nauyin ya faɗa wa.

Tun cikin shekarar 1986, sa'ad da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Tarayyar Sobiyat, iska ta kwaso ƙurar guba har kudancin Jamus, zukatan mutane suka tashi daga wannan makamashi. Cikin 2000 Majalisar Dokoki ta zartar da wata doka wadda ta ce duk wanda ya kafa injin iska ko faifan hasken rana, tilas a karɓi wutarsa, a biya shi tsayayyen farashi har shekara 20. Nan da nan manoma, da ƙungiyoyin gama-kai, da masu gidaje suka shiga, domin sun ga jarinsu ba zai halaka ba. A lokacin, kashi 6 ne kacal cikin ɗari na wutar ƙasar ke fitowa daga iska, da rana, da ruwa, da makamantansu. Cikin 2023 abin ya haura rabi, burinsu kuwa shi ne kashi 80 kafin ƙarshen 2030.

Batun nukiliya ya sha kai da kawowa. Gwamnatin Gerhard Schröder ta yi dokar rufe tashoshin cikin 2002, gwamnatin Angela Merkel ta ƙara musu wa'adi cikin 2010. Da bala'in Fukushima ya auku a Japan cikin watan Maris na 2011, sai Merkel ta sake shawara, aka rufe 8 daga cikin injuna 17 a shekarar. Uku na ƙarshe aka kashe su ran 15 ga watan Afrilu, 2023.

Kwal kuwa abincin dubban iyalai ne. Ramukan haƙarsa a yankin Ruhr sun tara 'yan ci-rani daga Polan, daga baya kuma daga Turkiyya, mutanen da suka baro garuruwansu don neman halaliya. Tun 2007 aka sanar da cewa za a daina haƙar baƙin kwal, aka yi shekara 11 ana shiri. Waɗansu aka sallame su da fansho kafin lokaci, waɗansu aka koya musu wata sana'a, sa'an nan aka rufe ramin ƙarshe a garin Bottrop cikin Disamba 2018. Cikin 2020 aka yi doka cewa za a daina ƙona kwal don lantarki, in an daɗe, a 2038, aka kuma ware Yuro miliyan dubu 40 domin yankunan da abin zai shafa.

Amma fa ba a cin zuma sai an sha harbi. Na farko, shekara da shekaru kuɗin tallafin nan a kan takardar biyan wuta aka ɗora shi, har gidajen Jamus suka shiga sahun masu biyan wuta mafi tsada a Turai, alhali an sassauta wa manyan masana'antu. Sai a Yuli 2022 aka ɗauke wannan ƙari. Na biyu, iska ta fi ƙarfi a arewa, bakin teku, manyan masana'antu kuwa da yawansu suna kudu, ga shi babban layin da zai haɗa su, mai tsawon kilomita wajen 700, ya makara da shekaru. Na uku, da hunturu akan yi kwanaki ba rana ba iska, sai a koma ga gas da kwal, ko a sayo wuta daga maƙwabta. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke cikin 2022, fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke sayowa na Rasha ne, sai da aka sake kunna waɗansu tashoshin kwal. Shi ya sa masu suka ke cewa da kwal ya kamata a fara, tun da shi ke fid da hayaƙi. Masu goyon baya kuwa suna amsawa da cewa har yanzu ba a tsai da inda za a binne sharar nukiliya ba.

Daɗin daɗawa, amfanin abin bai tsaya a Jamus ba. Yawan faifan da Jamusawa suka saya yana cikin abin da ya sa kamfanonin Sin suka faɗaɗa ƙira, farashi ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Mai cajin waya a Legas ko Fatakwal da ya ɗora faifai a kan rumfarsa ya huta da sayen man janareta, ya ci moriyar wannan aiki.

Saboda haka, jama'a, duk gwamnatin da ta ce za ta sake hanyar samun wuta, sai a tambaye ta wa zai biya, ina layin da zai kai wutar, kuma wane tanadi ta yi wa ma'aikacin da za a rufe wurin aikinsa. Allah ya sa a dace.