Tsatsa daga ƙafa take farawa

Yau zancenmu a kan gadon ƙarfe ne da kujerun ƙarfe, waɗanda muke fiddawa tsakar gida lokacin zafi.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Gishiri da fitsari suna ƙara mata sauri. Shi ya sa gadon yara, da kujerar da ke kusa da turken awaki, suke riga saura lalacewa. Tsatsa kuma ba ta tsayawa a bisa. Tana ɓarewa, laima ta shiga ƙarƙashi, ta yi ta ci har ƙarfe ya huje.

To, ka kifar da gadonka. Duba ƙafafun nan 4, da wurin da mai walda ya haɗa. Nan take ɓuya. Mutane da yawa suna shafa fenti inda ido ke gani, su bar ƙafa cikin ƙasa. Wannan ɓarnar kuɗi ce.

Ka kankare tsatsar da buroshin ƙarfe. In babu, tsumma da rairayi sun isa, sai dai aikin ya fi daɗewa. Ka goge da ɗan kananzir, nesa da wuta, ka bari ya bushe sarai. Sannan ka shafa fentin hana tsatsa, wanda masu kanti ke kira antiruyi. Washegari ka sa fentin launi. Shafi 2 marasa kauri sun fi shafi 1 mai kauri. Kada ka shafa fenti bisa tsatsa: za ya kumbura, ya zube.

A kula, wani tsohon fenti yana da dalma a ciki, ita kuwa guba ce, balle ga yara. Ka jiƙa wurin kafin ka kankare, don kada ƙura ta tashi. Ka kori yara, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Yaushe za a yi? Cikin Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Da safe, ba da rana tsaka ba, ba kuma ranar iska mai ƙura ba.

In damina ta kama, ka shigar da su rumfa. Wanda ya rage waje, ka ɗora kowace ƙafa bisa falalen dutse, kada ta taɓa ƙasa mai laima.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.