Zumunta a Ƙafa Take

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

 

Kwanakin baya mun je aikin bishara a wani ƙauye, aka kai mu gidan wata uwa wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Lokacin makoki gidan ya cika da mutane. Bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa, 'ya'yanta kuma suna birni. Mun same ta ba ta barci, kai yana ciwo, zuciya tana bugawa, abinci ba ya shiga. A asibiti an ce hawan jini ne. Waɗansu maƙwabta sun ce jifa aka yi mata, waɗansu a ikkilisiya sun ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi. Muka tambaye ta, "Mama, yaushe rabon da wani ya zauna ya ci tuwo tare da ke?" Ta yi shiru tana ƙirgawa, ta kasa tunawa.

Maganarmu ta yau ita ce, Allah ya gina jikin mutum yadda zai bukaci waɗansu mutane, kamar yadda yake bukatar ruwa da abinci. In aka bar mutum shi kaɗai, har jininsa yana sani.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki. A jikinmu akwai waɗansu sinadarai da likitoci suke kira homon. Mu ɗauke su kamar 'yan aike. Wata gaɓa tana sakinsu cikin jini, su kai saƙo ga wata gaɓa. A kan kowace ƙoda akwai wata ƙaramar tsoka. Sa'ad da muka ga maciji a hanyar gona, ko muka ji ƙarar bindiga da dare, ƙwaƙwalwa tana aika mata saƙo, ita kuma ta saki adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sukari ya ƙaru cikin jini domin ƙafafu su sami ƙarfin gudu. Wannan kyauta ce daga Mahalicci, gama tana ceton rai. Amma an yi ta domin ɗan lokaci ne. Idan tsoro da damuwa suka zauna wata da watanni, jiki yakan zama kamar gidan da ake ta buga masa ƙararrawa ba dare ba rana. Barci ya gudu, hawan jini ya samu wurin zama, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta ya ragu, mantuwa da saurin fushi su ƙaru.

Akwai wani ɗan aike kuma mai suna oksitosin. Ƙwaƙwalwa ce take yinsa, wani ɗan abu mai girman ƙwayar wake a ƙarƙashinta yake sakinsa cikin jini. Shi ne yake sa mahaifa ta matsa lokacin naƙuda, shi ne yake sa nono ya zubo sa'ad da jariri ya kama mama. Wani masani a Amurka, Vincent du Vigneaud, ya gano ƙirarsa ya kuma harhaɗa shi a 1953, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1955. Daga baya masu bincike suka ga cewa yana da hannu cikin shaƙuwar uwa da ɗanta, yana kuma taimakawa wajen kwantar da wannan ƙararrawa ta tsoro.

Yanzu mu dubi annabi Iliya. Ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, sai saƙon Yezebel ya iso cewa za ta kashe shi. Ya gudu har Biyer-sheba. Ku lura da abin da ya yi a nan: ya bar baransa, ya shiga jeji shi kaɗai tafiyar yini guda. A can ne ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Mala'ika ya taɓa shi, ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake taɓa shi ya sake ciyar da shi. A Horeb, Iliya ya yi ta kuka cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, wanda ya bar garmarsa ya bi shi. Annabin ya shiga jeji shi kaɗai, amma Allah bai bar shi ya ƙare aikinsa shi kaɗai ba.

Abin da masu bincike suka gani ya yi daidai da wannan. A 2006, wani masani a Amurka, James Coan, ya sa matan aure 16 cikin na'urar da take ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, aka gaya musu wutar lantarki za ta iya ɗan jan su a ƙafa. Sa'ad da mace take riƙe da hannun mijinta, sassan ƙwaƙwalwa masu lura da hatsari ba su tashi kamar lokacin da take ita kaɗai ba. Waɗanda aurensu ya fi zaman lafiya su ne suka fi samun wannan sauƙi. Maigida, ka ji wannan.

A 2010 kuma, a Jami'ar Wisconsin, an sa 'yan mata masu shekara 7 zuwa 12 su yi magana da lissafi a gaban baƙi har hankalinsu ya tashi. Waɗanda suka ji muryar uwarsu ta waya, oksitosin ɗinsu ya ƙaru, kotisol ya sauka, kusan daidai da waɗanda uwarsu ta rungume su. Da aka gwada da saƙon rubutu daga baya, ba a ga haka ba. Ku da kuke birni, ku buga waya gida a ji muryarku. Ku iyaye kuma, ku kira yaran da ke makaranta.

Ga jarirai abin ya fi ƙarfi. A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalaben ajiye bakwaini. Sai ya sa iyaye mata su ɗaure jariran a ƙirjinsu, fata da fata. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka yi a asibitoci a Ile-Ife a nan Nijeriya, da Ghana, da Malawi, da Tanzaniya, da Indiya. Ƙananan jariran da aka ɗora a ƙirjin uwa tun daga haihuwa, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 25 cikin 100. A ƙasar Romaniya kuwa, bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu, ana ba su abinci amma babu mai ɗaukarsu. Girman jikinsu da na hankalinsu ya koma baya. Waɗanda aka mayar cikin iyali tun ba su kai shekara 2 ba sun fi murmurewa.

Manya ma ba su tsira ba. A 2010 aka tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, aka ga masu dangantaka mai ƙarfi da jama'a sun fi daɗewa a duniya. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici.

Amma 'yan'uwa, mu yi hankali da abu uku. Na fari, ziyara ba ta ɗauke asibiti. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, a riƙa auna shi. Wanda baƙin ciki ya kai shi ga maganar mutuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita, a kuma daina ce masa ba shi da bangaskiya. Na biyu, allurar oksitosin ta ma'aikatan lafiya ce, suna amfani da ita wajen tsayar da zubar jini bayan haihuwa. In aka yi wa mai naƙuda ita a gida domin a hanzarta haihuwa, mahaifa tana iya fashewa. Na uku, waɗansu gwaje-gwaje a ƙasar Holan sun nuna oksitosin yana iya ƙara wa mutum fifita nasa a kan bare. Ashe jiki da kansa yakan tsaya a kan 'yan yarenmu. Yesu kuwa, cikin misalin Basamariye a Luka sura 10, ya kai mu gaba da nan, har wurin wanda ba harshenmu ɗaya ba.

To, me za mu yi? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke aikin gayya, suke ci a akushi ɗaya. Kafin ranar Lahadi, kowane gida ya zauna ya ambaci mutum ɗaya wanda aka daɗe ba a gani ba. Wataƙila gwauruwa ce, ko tsohon da ƙafa ta hana shi zuwa sujada, ko iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu suna zaune a cikinmu kamar baƙi. Ku je. Ba sai kun yi wa'azi ba. Ku kai ɗan kunu, ku zauna, ku riƙe hannu, ku saurara, ku koma mako mai zuwa.

Haka zumuntar mata ta ƙauyen nan ta yi wa uwar da muka ambata. Suka raba kwanaki a tsakaninsu, wata jikarta kuma ta dawo kwana a ɗakinta. Da muka koma bayan girbi, tana nan tana shan maganinta, amma mun same ta a tsakiyar mata tana ɓarar gyaɗa, ta ce mana barci ya dawo.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne ka yi mu, ka san ƙirarmu. Ka gafarta mana domin waɗanda muka manta da su bayan makoki ya watse. Ka buɗe idanunmu mu ga masu kaɗaici a cikinmu, ka ba ƙafafunmu ƙarfi mu je wurinsu. Wanda yake sauraro yanzu shi kaɗai a ɗaki, ka taɓa shi kamar yadda ka taɓa bawanka Iliya, ka aiko masa da ɗan'uwa. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku zauna lafiya.