Jawabin Shugabar Ƙungiya: Takardun Yara Kafin Tafiya

Da yawanmu muna tsallaka iyaka, wasu sarin kaya a Kwatano, wasu Umara, galibi da yaro a hannu. To, "ai ɗana ne" ba hujja ba ce a gaban jami'an shige da fice. Ko jariri sai da nasa fasfo, kuma kafin a yi masa za a nemi takardar haihuwa, lambar NIN da wasiƙar amincewar iyaye. Ku riƙe katin rigakafin shawara, allurar da ake yi daga wata 9. Mai tafiya da 'yar riƙo kuwa, ta karɓi izinin iyayenta a rubuce, kada a zarge ta da safarar yara. Allah Ya tsare hanya.