Dogon Yaro da Ƙwallon Kwando

 

Yau maganar ƙwallon kwando za mu yi, da ɗan sakandaren da ke son ta.

Malamin wasanni idan ya samu dogon yaro, sai ya kafa shi ƙarƙashin kwando, ya ce tsaya nan ka riƙa cafkewa. Kuskure ne. Masu horarwa a jami'a suna neman yaron da ya iya tafiya da ƙwallo, ya iya miƙa ta, ya iya jefawa daga nesa, ya kuma iya tare abokin karawa. A koya masa duka, tun ƙashinsa yana ɗanye.

Kada ku ce abin ya yi mana nisa. A Zariya, gaba kaɗan da Funtuwa, Masai Ujiri ya tashi. Can ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, har ya je ya buga wa wata kwaleji a Amurka. Bai yi fice a fili ba, gaskiya. Amma a 2019, yana shugabancin Toronto Raptors, suka ɗauki kofin NBA.

To iyaye, ku saurara da kyau. Jami'a, ko ABU ce ko ta Amurka, sai ta ga sakamakon jarrabawa. Sai ta ga WAEC ko NECO. Ku bar yaron ya je fili bayan la'asar, ku duba littafinsa bayan isha'i.