Baƙin Ciki Ba Ya Tsayawa a Zuci



Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni kuwa sai in ce a tambayi jiki duka. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ya kuɓuta daga hannun 'yan fashi, jikinsa kan yi ta fitar da sinadaran firgita, adirenalin da kotisol. In abin ya daɗe, sai rashin barci, ciwon kai da hawan jini su biyo baya.

Don haka kada mu bar wa cikinmu. Mu faɗa wa amini, mu riƙa tattakin minti 30 kullum, mu riƙa awon jini. In ya kai 140/90, a ga likita. Wanda kuma ya daina zuwa taronmu, mu bi sawunsa.