Taswirar Tona Asirin Masu Cin Zarafin Mata

Hirarmu ta yau za ta kai mu Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar.

A can, mata sun daɗe suna shan wahala bisa hanya. Mace ta fito za ta kasuwa ko lakwal, wani ya bi ta da maganar batsa, wani ya kai mata hannu cikin cunkoson mota. Mafi yawa sai su yi shiru, don gudun a ce laifinsu ne. A shekarar 2013, wani binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata 99 cikin 100 da aka tambaya sun gamu da irin wannan.

A shekarar 2010 wasu ƴan sa kai suka kafa wani aiki, suka kira shi HarassMap. Ga yadda aka tsara shi. Wadda abin ya shafa, ko wanda ya gani da idonsa, sai ya aika saƙo ta salula ko ta intanet. Ya faɗi wurin, da lokacin, da abin da aka yi. Ba a neman suna. Kowane saƙo sai ya zama jan ɗigo bisa taswirar birni. Mai aikowa kuma a ba ta amsa, a nuna mata inda za ta samu lauya ko mai kwantar mata da hankali.

Saƙonnin sun ƙaryata wata tsohuwar magana, wai tufafin mace ne ke jawo abin. Masu lulluɓi ma sun kawo kuka, kuma da rana tsaka ake yi.

Amma ɗigo ba ya kama mutum. A ganina babban aikin shi ne wanda ya biyo baya. Ƴan sa kai suka riƙa shiga unguwanni, suna zama da mai kanti, da mai gadi, da direban taksi. Su nuna masa taswira, su ce: "Ka ga, a ƙofarka ake yi. In ka gani, ka tsawata." Wanda ya yarda, sai a liƙa alama a shagonsa, mace ta san akwai mafaka a nan.

Ku sani, taswirar ba ta ƙirga kowa ba. Wadda ba ta da salula, ko ba ta iya rubutu ba, kukanta bai hau ba.

A shekarar 2014 gwamnatin Masar ta yi dokar hukunta mai cin zarafin, har da kaso. A 2021 aka ƙara tsananta hukuncin.